Kafintan da Ya Binciki Sigarinsa

A layin masu kujeru, bayan tashar mota, akwai wani kafinta da kowa ke kira Ina-Dalili. Tun yana koyon aiki sunan ya bi shi, don ko ƙusa aka ce ya buga sai ya ji abin da ya sa nan za a buga ba can ba. Gwani ne, teburin da ya haɗa sai jikoki sun gada. Aibinsa ɗaya, sigari. Shekara ashirin da bakwai yana zuƙa, fensir a kunnen dama, karan sigari a na hagu.

Ranar da tari ya durƙusar da shi a tsakiyar shago, mutum biyu suka sa shi gaba. Yayarsa, wadda ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ta ce, "Rashin zuciya ne kawai! Wa ya ɗaure ka? Da ƙafarka kake zuwa saye."

Mai kemis, maƙwabcin shagonsa, ya ce, "A'a Yaya, ciwo ne. Jiki ne ya saba, shi ke nema, ba laifinsa ba ne."

Da wani ne da ya sunkuyar da kai. Ina-Dalili kuwa sai idonsa ya kawo haske, ya ma manta da tarin. "Ku tsaya, ku tsaya! In ni ne nake so, wane ne ke rantsuwa kowace safiya cewa ya daina? In kuma ba ni ba ne, hannun wa ke ƙyasta ashana? Wai mu nawa ne a cikin rigar nan?"

Yayar ta ce Allah ya shirye shi, ta ja mayafi ta tafi. Shi ko ya samu abin yi. Duk wanda ya kawo gyaran kujera sai ya sha tambaya kafin ya tafi.

Ana haka 'yarsa ta fari ta kwanta haihuwa, abin ya zo da gardama. Kwana biyu yana safa da marwa a barandar asibiti, bai sha ko kara ɗaya ba, ciwon kan da ya dame shi ma zullumi ya ɗora wa. Aka sauka lafiya. Ya dawo shago, ya yanka katako ɗaya, yana ajiye zarto sai ga hannunsa a kunnen hagu. Ya tsaya cak yana kallon hannun.

Da gudu ya faɗa kemis, dusar katako har a gira. "Na kama shi! Wallahi na kama shi! Rabin abin nan ba a jinina yake ba, a jikin bencina yake. Zarto na sauka, hannu na tashi!"

Ranar bai ƙara aikin kowa ba. Ya juya benci ya fuskanci bango, ya canza wa zarto marataya, ya yar da gwangwanin da yake karkaɗe toka, ya sa fensir na biyu a kunnen hagu.

Ba a nan ta ƙare ba. Sau uku yana dainawa yana komawa shan sigarin. Makon farko sai faɗa da kowa, har matarsa ta ce ko dai a saya masa abinsa a huta. Ya je ya ce wa mai kemis, "Ka yi gaskiya, akwai ciwo." Amma ya lura tsakanin tashin hannu da isarsa kunne akwai ɗan tsaiko, bai wuce numfashi ɗaya ba. Ya je ya ce wa yayarsa, "Ke ma kin yi gaskiya, akwai zaɓi, sai dai ƙofarsa ƙarama ce ƙwarai. Wata rana ina shigewa, wata rana kafaɗa ta maƙale."

Ta taɓe baki. "Surutu dai."

"To Yaya, ki bar shayi kwana uku mu gani."

Ta ce ko wata guda. La'asar ba ta yi ba jikarta ta same ta a kicin ta juya wa ƙofa baya, kofi a hannu. Da labari ya iso shago, Ina-Dalili ya yi dariya har da zama a ƙasa. Daga ranar ba ta sake ce masa marar zuciya ba, sai dai ta aiko a tambayi jiki.

Yau shekararsa shida rabonsa da sigari, kuma har yanzu bai yarda an gama maganar ba. In aka ce ya warke, sai ya ce shi dai yau bai sha ba.

A wata na huɗu da dainawa ne aka kawo masa sabon katako. Ya sa zarto, ya ja sau biyu, ya dakata. Ya kai hanci, ya shaƙa, ya sake shaƙa. Sai ga shi a bakin titi da guntun katako a hannu yana tare masu wucewa.

"Malam, don Allah shinshina! Ashe ƙamshi gare shi? Duk shekarun nan ba wanda ya gaya mini!"