Ɗurar Mma Lariya

A Zangon Kumasi ba a taɓa yin macen da ta san rainon jariri kamar Mma Lariya ba. Ita ta faɗa, kuma ba wanda ya musa, don kowa a wurinta yake sayen kokon safe. An ce rabin yaran unguwa a cinyarta suka yi ƙiba. Ɗaya rabin su ne ake iya aika kasuwa.

Haifaffiyar Salaga ce. Ta zo Kumasi tana amarya a bayan fataken goro, ta haifi bakwai, ƙasa ta karɓi biyar, kuma duk sai da suka rame kamar tsinke kafin su tafi. Tun daga nan ta yanke hukunci: rama ce ƙofar kabari. Duk yaron da aka miƙo mata, sai ta cika shi.

Gwanintarta ɗura. Takan kwantar da jariri a cinya, ta tara tafin hannu a bakinsa, ta tsiyaya koko, ta toshe masa hanci da yatsa. In yana son numfashi, sai ya haɗiye. Ba a taɓa samun wanda ba ya so ba. Da kantunan kasuwar Kejetia suka cika da madarar gwangwani mai zaƙi, wadda ke bin cokali kamar zuma, Mma Lariya ta ce ashe Bature ma yana da abin kirki guda ɗaya.

Ana saura shekara biyu a sauke tutar Bature, ɗanta Sumana tela da matarsa Safiatu suka sami ɗa, aka sa masa Bawah. Ko arba'in bai yi ba kakarsa ta karɓe shi. Ɗura sau biyar a yini kamar salla, da nafila a tsakani. Ba ta bari ya taɓa ƙasa. "Ta ci biyar," in ji ta, "wannan ko ɗanɗanawa ba za ta yi ba."

Bawah ya yi kyau. Mata na zuwa daga nesa su gan shi, su ɗaga, su ajiye da sauri. Sai dai ya doshi shekara biyu bai taka ba. Yaran da aka haifa bayansa na bin kaji a tsakar gida, shi yana zaune kamar tulu, yana huci. Mma Lariya ta duba lamarin da idon basira, ta gane bakin mutane ne. Ta karɓo laya, ta ɗaura masa a ƙugu, ta ƙara madara.

Safiatu, wadda ta daina barci saboda ƙafafun ɗanta, ta nemi izinin kai shi wurin awon yara. Mma Lariya ta ɗaura zanenta na salla ta bi su, don yabo ba a aika masa wakili.

Nas ɗin 'yar Asante ce, mai Hausar kasuwa. Ta ɗora Bawah a sikeli, ta dubi allura, ta sauke shi, ta duba ko sikelin ne ya lalace.

"Maame, wa ke ba shi abinci?"

"Ga ni," in ji Mma Lariya, tana gyara mayafi.

"To ki daina."

Mma Lariya ta waiga ta ga da wa ake.

"Ɗura tana iya shaƙe yaro. Madarar nan kuma sukari ce zalla. Nonon uwarsa, da ɗan wake a dame, da ganye, da kifi, da gwanda. Da cokali, a zaune. In ya kau da kai, ya ƙoshi. Kuma a sa shi a ƙasa."

"Inna lillahi! Gwanda? Jikan nawa tsuntsu ne? Yaro ya san ƙoshi? 'Yar nan, kin taɓa binne ɗa?"

"A'a, Maame."

"Shi ya sa."

Har gida tana salati. Ta ba kowa labari a bakin tukunyar koko: gwamnati ta ɗauki mutum aiki, tana biyansa, don ya hana yara abinci. Masu saye suka yi ta mamaki, suna miƙo kwano.

Ba a jima ba saƙo ya zo cewa yayanta ya rasu a Salaga. Kafin ta hau mota ta jera wa Safiatu gwangwanaye, ta ce, "Ko ɗaya na tarar, ni da ke ne." Safiatu ta durƙusa ta ce, "To, Mma." Zaman makoki ya kai sadakar arba'in, damina ta ɓata hanya, sai da kaka ta yi sannan ta dawo.

Tana shiga gida ta ga wani yaro tsaye a gindin turmi, riƙe da yankin gwanda.

"Safiatu! Ina maigidana?"

"Ga shi nan, Mma."

Ƙunshin kayanta ya faɗi. Yaron yana da wuya. Ba ta taɓa sanin yana da shi ba. Yana da gwiwa, har biyu. Ta leƙa ɗaki, ga gwangwanaye a jere ƙarƙashin gado, ko ƙusa ba ta taɓa su ba. Ta zube a tabarma, ta ɗora hannu a ka.

"Wayyo Allah! Sumana, kana ɗinki aka yashe maka ɗa? Zo, angona, zo, sun ƙarar min da kai!"

Sai ya zo. Da gudu.

Mma Lariya ta kama shi. Ta taɓa ƙafar dama, ta taɓa ta hagu. Ta tura shi can, ya dawo. Hawaye ya zubo mata. Sannan ta dubi surukarta da jama'ar da ihu ya tara, ta ce, "Kun gani? Layar nan ta yi aiki."

"Ta yi, Mma," in ji Safiatu, tana kallon ƙasa.

Washegari ta dama koko, ta huda gwangwani, ta gyara cinya, ta kira angonta. Ya dubi hannunta, ya fita ta zaure. Ta bi shi har bakin masallaci, ta dawo tana haki. Ɗura tana bukatar yaron da ke zaune wuri ɗaya.

Har ƙarshen ranta tana aika matan unguwa wurin mai layar. Layar kuwa tun tsakiyar damina ta zame daga ƙugun Bawah, don igiyar ta yi masa yawa.