Ranar da Muka Bi Sawun Autan Ayari

Duk tsufan da zan yi, akwai wata Juma'a da ba za ta taɓa fita daga raina ba. A lokacin ina aikin sito a Jebel Ali, muna cunkushe a ɗaki ɗaya a Hor Al Anz. Dubai ba ta zama yadda take yanzu ba, ko jirgin ƙasan nan ba a gama ba. Wuya kam mun sha ta, amma har yau ina kewar zaman.

A ɗakin akwai wani abokina mutumin Agadas, direban kamfanin da ke kai masu yawon buɗe ido bayan gari. Shi ya tasa ni a gaba da sassafe, lokacin sanyi ne. Ya ce, "Kai Bakano, tunda ka zo ƙasar nan ba ka san komai ba sai kwali da kwantena. Yalla, tashi, akwai kujera a mota."

Muka ɗauki wasu Turawa mata da miji, muka nufi duwatsun da ke wajen iyakar Oman. A wani ƙaramin ƙauye muka tarar da dattijon da zai yi mana jagora, siriri, da sandarsa mai lanƙwasar kai. Hanyar da za mu bi an jera mata duwatsu masu farin fenti, ta ratsa cikin wani busasshen kwari, sannan ta haura dutse.

Muna tafe yana ba da labari da Larabci, abokina yana fassara mini. Wai tun kafin a samu mai, wani ayari ya zo yana bin rijiyoyi yana tantance inda ƙasar wannan ta tsaya, ta wancan ta fara. Autan ayarin ɗan ƙauyen nan ne, ko gemu bai fito masa ba, shi ke kula da raƙuma. A kwarin nan suka yada zango. Shi ya fara gane cewa an yi ruwa a can saman duwatsu, ya tashi manya, ya haura da su ta wata hanyar awaki. Kowa ya tsira. Sai ya tuna da raƙuma ɗaya da ya bari da dabaibayi, ya koma kwance ta. Ba a sake ganinsa ba. Mutanen ƙauyen suka ci gaba da share hanyar, wato wannan da muke bi, don tunawa da shi, har baƙi suka fara zuwa.

Abokina ya rage murya ya ce, "Yaron nan wan dattijon ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya."

Muna tsakiyar kwarin dattijon ya ja ya tsaya. Ya ɗaga kai yana shaƙar iska, ya faɗi wata magana a gajarce. Na ga fuskar abokina ta canja.

"Ya ce ruwa na tafe."

Na dubi sama, rana tar. Na ce, "Wane ruwa kuma? Ko cikin wasan da ake yi wa baƙi ne?"

Ban rufe baki ba na ji ƙara daga nesa, kamar tirela ta shigo lungu. Muka ruga muka kama fararen duwatsun nan muna haurawa, Baturiyar tana ihu, mijinta yana jan ta. Ina cikin hawa takalmina ɗaya ya suɓuce ya gangara. Sabo ne, na Juma'a, kuma ƙuruciya tana kaina. Na juya zan sauka. Sai na ji kan sanda ya maƙale mini hannu, an fizgo ni da ƙarfin da ban zaci tsoho yana da shi ba.

Ya dube ni, idonsa jajir, ya yi magana. Abokina ya fassara. "Ya ce khalas, ya isa haka, ɗana. Kwarin nan ya karɓi ɗaya daga gare shi, ba zai ba shi na biyu ba."

Nan take ruwan ya iso, ja kamar kunun kanwa, ɗauke da itatuwan dabino da manyan duwatsu. Inda muke tsaye ɗazu ya shafe gaba ɗaya.

Muka zauna a saman dutse. Dattijon ya ciro gahawa da dabino daga jakarsa ya raba mana. Da muka yi salla muka ɗaga hannu muka yi wa wansa addu'a, Turawan ma suka sunkuyar da kai. Sai da ruwan ya janye muka sauko, ni da takalmi ƙafa ɗaya. 'Yan ɗakinmu sun daɗe suna yi mini dariya a kan haka.

Yau ina Kano da iyalina. Abokina ya koma Agadas, mun rasa lambar juna, dattijon kuwa da wuya yana raye. Ranar ta koya mini cewa mutanen da ke kula da tarihin magabatansu ba aikin banza suke yi ba. Da ƙauyen nan sun bar hanyar saurayin ta ɓace, da ba ni ne nake ba ku wannan labari ba.