Keken da Iliyasu Ya Goge Wata Huɗu

Iliyasu ɗan gidan maƙera ne daga Zariya. A 1978 ya zo garin Greensboro na Amurka karatun injiniya, don ya huta da zaman maƙera. Ya huta kuwa: shekara ba ta zagayo ba sai ga shi a garejin wani tsohon Bature, Mista Odell, a ƙauyen Pleasant Garden da ke kusa, riƙe da magagari.

Kekunan tsere suke ƙerawa da hannu, irin na zagaya fili. Ba birki, ba ƙararrawa, kuma muddin taya na juyawa feda ba ta tsayawa. Odell ke yanka bututun ƙarfe, Iliyasu ya haɗa su da narkakkiyar tagulla, ya goge mahaɗar har ta yi sumul. Shekara shida sunan Odell kaɗai ake rubutawa a jikin keke. Sai a 1985 tsohon ya ce in sabon da ke hannunsu ya fita ba aibi, za a ƙara sunan Iliyasu. Wata huɗu ya yi yana gugarsa.

Ranar Asabar da aka gama fenti, Alhaji Sanda, dattijon Hausawan garin, ya zo ganin abin da ke hana Iliyasu zuwa taro. Ya zagaya keken cikin babbar riga.

"Wannan ne aikin wata huɗun? Ko kariyar ɗora kaya babu. Kawo in ɗana."

Iliyasu bai taɓa ce wa babba a'a ba, kuma ba ranar zai fara ba. Ya sunkuyar da kai.

"Alhaji, keken nan ba ya son gangara."

"Kai yaro, ina hawan keke tun ba a haife ka ba."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Sai dai tsayawarsa sai an lallaɓa."

A ganin Iliyasu ya gama bayani ke nan. Alhaji ya hau, ya nufi gangaren ƙofar gida. Yatsunsa suka lalubi birki, ƙafafunsa suka nemi hutu, duk ba a dace ba. Katangar maƙwabci ce ta taimaka masa ya tsaya.

Alhaji ya tashi lafiya, sai rigar da ta rabu biyu. Keken kuwa bututunsa na sama ya lanƙwashe. Iliyasu ya ɗauko shi kamar gawa, ya ajiye gaban Odell, ya fara laluben jakarsa ta tafiya, don a zatonsa korarsa za a yi.

Tsohon ya sa tabarau, ya bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya da farce. Ƙarfe ya lanƙwashe, amma ko mahaɗa ɗaya ba ta tsage ba. Ya ɗauko burushi, ya rubuta ILIYASU a jikin lanƙwasasshen bututun, ya rataye keken a bakin ƙofa, inda duk mai saye zai fara gani.

Alhaji Sanda kuwa ya daɗe yana faɗa wa jama'a a masallaci cewa yaron yana da hannu, sai dai ba ya ƙarasa aiki.