Baba Mai Binciken Asalin Shanu

Ina tankaɗe a gidana a Minjibir yayana Habu ya yi sallama, ya ƙi zama. Ya ce, "Hajara, sai haƙuri. Allah Ya yi wa Baba rasuwa." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Nan take na ɗauki mayafina, muka kama hanyar ƙauyenmu na wajen Tsanyawa.

Mahaifinmu, Malam Isiyaku, manomi ne mai 'yan shanun tatsa a bayan gida. Ba ya kai saniya barbara sai ya binciki asalin bijimin, kamar mai shirin aurar da 'ya, har mutane suna masa dariya. Yakan taka zuwa Kunci don kawai ya ga uwar bijimi. "Ba ƙwarya nawa take cikawa na tambaya ba," yakan ce. "Tana haihuwa lafiya? Hantsarta na ciwo? Kofatonta fa? 'Ya'yanta suna rayuwa?"

Da shekarun fari suka matsa, harawa ta ƙare, dusa ta gagara, dole ya rabu da ɗaya cikin shanu biyun da suka rage. Ya sayar da Ja, wadda ta fi nono, ya bar Gajera. Inna ta yi kuka, ta ce yara zai kashe mata. Ya ce, "Uwar Ja da ƙuruciyarta ta mutu. Uwar Gajera sai da haƙoranta suka zube don tsufa."

Nonon Gajera bai ishe mu ba. Ƙanena Sani ya rasu a wannan ranin, kuma Inna ta daɗe ba ta huce ba. Shanu suka yi ta faɗuwa a turakun maƙwabta. Gajera ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, amma kullum safe sai ta ba da ɗan abin da za a dama mana. Da shi ni da Habu muka ga damina. Baba bai taɓa cewa ya yi daidai ba. In an yaba masa, sai ya ambaci Sani ya yi shiru. Wannan shirun ne yake ci min rai yau.

Ranar sadakar uku na zagaya bayan gida, na tarar da tattaɓa-kunnen Gajera a turke, maraƙinta yana tsotso. Nononta jikokin Baba suke sha.

Allah Ya jiƙan Baba, Ya haskaka kabarinsa, Ya sada shi da Sani a Aljanna. Allah Ya ba Inna haƙuri, Ya raya abin da ya bari, na ɗaka da na turke.