Giyar da Kawu Bai Sha Ba

A shekarun da kuɗin mai suka yi wa gwamnati yawa, har ƙananan ma'aikata ana turowa Landan ganin likita. Haka kawuna, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babana, ya iso da ciwon zuciya da ƙafafu a kumbure. Ina karatu a lokacin, ina zaune a wani flat, ɗan sashen haya can ƙolin bene, a Thamesmead, unguwar da ko'ina ka duba siminti ne.

Mu mutanen kan dutse ne, Kiristoci, amma Kawu bai taɓa rabuwa da burkutu ba, fasto ya yi faɗa har ya gaji. Ni kuwa na zo Turai na koyi iyayi. Wani tsoho mai kantin giya a Catford ya taɓa ce mini abinci mai yaji ba ya son jar giya, sai farar nan mai zaƙi da ƙamshi, ta doguwar kwalba, a sha ta da sanyi. Na gwada da farfesu, na ga zaƙin yana kwantar da zafin barkono ba tare da ya kashe daɗinsa ba. Tun ranar nake ɗokin in nuna wa Kawu cewa ni ma na san wani abu.

Ranar Lahadi, ana gobe za a kwantar da shi a wani asibiti a Marylebone a yi masa tiyata, na dafa farfesun kayan ciki, na zuba masa giyar. Ya kai kofin hanci ya lumshe ido.

"Kai, yaro, wannan ai furen mangwaro ne aka matse. Abin sha ne ko turare?"

Muka yi dariya. Sai ya karkata kofin zai ɗiga wa magabata nasu, yadda ake yi a gida kafin babba ya kurɓa. Ya tsaya yana kallon dardumar ɗakin.

"Me ke ƙarƙashin nan?"

"Flat ɗin wasu ne, Kawu."

"To ai rufin ɗakin mutane ne, ba ƙasa ba. In zuba wa babanka a kan wani Bature?"

Na ce mu sauka. Lift ɗin banza kuwa, na'urar hawa benen, ya lalace tun safe, da ƙyar ma muka hawo, ƙafafunsa ba za su sake ɗaukar matakalar nan ba. Na kawo tukunyar da na shuka fulawa a ciki daga taga, ya ce ƙasar da aka sayo a leda ba ta san kowa ba. Na ji haushi ƙwarai, na ce ɗigo ɗaya ne fa. Ya ture kofin a hankali.

"Rufe kwalbar. In an sallame ni mu nemi inda ciyawa take."

Ya cinye farfesun da ruwan famfo, yana gumi yana yaba hannuna. Bai fito daga ɗakin tiyata da rai ba.

Bayan an tafi da gawarsa gida, na ɗauki kwalbar na sauka bakin tafkin unguwar, na zuba a kan ciyawa. Na fara kiran sunan babana kamar yadda aka saba, sai na tuna yanzu su biyu ne. Har yau abin yana ci mini rai. Ƙamshin giyar kawai Kawu ya sani, kuma ban samu na ji ko zai ce na yi daidai ba.