Bayan Ɗakin Inna

Shekarar da aka kwashe ƙasar gidajen ƙauyenmu, ɗiyata ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ƙauyen namu yana can gaba da Bagega, kuma abin da ya ci Bagega bai bar mu ba. Maza su ɗauko dutsen zinariya daga daji cikin buhu, mata su daka shi a turmi, a baza garin a tsakar gida kamar ana shanyar gero. Wa ya san akwai dalma a ciki? Mu dai mun ga arziki ya zo har ƙofa. Sai da yara suka fara sanƙarewa suna mutuwa, sannan likitoci suka zo suka ce gubar tana cikin ƙasar da yaran ke rarrafe a kai.

Aka auna jinin ɗiyata, aka ce tana cikin masu buƙatar magani da gaggawa. Amma akwai sharaɗi, kuma da suka yi mini bayani na ga gaskiyarsu. Ba a fara wa yaro magani sai an kankare ƙasar gidansu an zuba sabuwa, don in ya sha magani ya koma kan tsohuwar, an yi aikin banza. Na ce ai wannan mai sauƙi ne, ku zo ku kwashe, in kun ga dama ku haɗa da katanga.

Inna ta ce atafau.

Mahaifinmu ya rasu tun ina saurayi, saboda haka gidan a hannunta yake, ni da matata muna zaune a ɓangare guda. Kuma Inna ba mai gardama ba ce. Mace ce da in ka ce mata rana ta faɗi da hantsi, sai ta ce maka to, don kawai a zauna lafiya. Amma ran da masu aiki suka iso da shebur da baro, sai ta ɗauko tabarma ta shimfiɗa a bakin zaure ta zauna. Na yi lallashi, na yi rantsuwa, na ɗaga murya har maƙwabta suka leƙo. Na ɗauko yarinyar na nuna mata yadda wuyanta ke langaɓewa. Inna ta karɓe ta, ta rungume, hawaye na zuba, ta ce, "Ba su shiga." Na ce don me? Ta miƙo mini yarinyar, ta kau da kai. Wallahi ranar na ji haushin uwata irin wanda ban taɓa ji ba, na kuma ji tsoro.

A bayan gari ake haƙa babban ramin da za a binne gurɓatacciyar ƙasar, kuma mai tuƙa katafilar da ke haƙa shi, shi ne shugaban masu kankarar gidaje. Mutumin Gummi ne, gajere, mai sanƙo, bakinsa ja wur da goro. An ce ya yi aikin hanya wajen Bukkuyum, ya haƙa wa makiyaya tafkuna a Gwashi, harsashin ginin da ya haƙa a Anka kuwa ba ya lissafuwa. Ni dai abin da na gani da idona zan faɗa. Akwai wata kuka a gefen ramin. Na tsaya ina kallo ya miƙa hannun katafilar, ya ɗebo ƙasa daga jikin saiwar kukar, ya sake ɗebowa, saiwar ta fito fili ko ƙwarzane babu. Ƙarfen da zai iya ture ɗaki, amma a hannunsa ka ce ludayi ne. Bangon ramin ma tsaye yake sumul, gindinsa a daddaɓe, don kada ruwan sama ya ja guba zuwa rijiyoyi.

Da ya sauko shan ruwa na tare shi. Na ce masa gobe Inna za ta je suna a wata unguwa, ya turo yaransa su kankare gidan kafin ta dawo.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya tofar da goro. "Malam, ba ni shiga gida da shebur bayan idon mai shi. Mi tac ce ad dalili?"

Na ce ba ta faɗa ba, tsufa ne kawai.

"Tsufa ba ya sa mace ta bar jikanyatta cikin ciwo. Bari in zo in ga gidan."

Ya zo da la'asar, hannu rabbana, ko kalme, wato fartanya, bai riƙo ba. Ya durƙusa ya gaida Inna, ya ce gaisuwa ta kawo shi, ba aiki ba. Ta bar shi ya shiga. Ni na ɗauka zai zagaya yana aune-aune, sai na ga ya sami gindin turmi ya zauna. Aka kawo masa fura ya sha. Yana hira da ni a kan farashin gero, amma idonsa na yawo. Daga baya yaransa suka gaya mini haka yake yi a ko'ina: kafin ya sa ƙarfe a fili, sai ya zauna ya ga inda mutanen wurin ke takawa da inda ba su takawa. Ni kuwa ina cewa a raina yarinya na kwance, shi yana nan yana tauna goro.

Da ya tashi tafiya, ya sake durƙusawa gaban Inna. Bai ɗaga murya ba, bai kuma dubi fuskarta ba.

"Inna, lungun ga na bayan ɗakinki, shebur ba ya taɓa shi, yarana ba su taka shi. Ni zan yi shi da hannuna, da alwala."

Inna ta miƙe, ta naɗe tabarmar nan ta bakin zaure, ta shige ɗaki da ita.

Na bi shi waje baki buɗe. Na ce me ke lungun? Ai ba komai can sai wani tsohon fasasshen tulu a kife.

Ya ce, "Gidanku duk awaki sun bi shi, ban da wurin. Toka da ruwan wanke-wanke an zuba ko'ina, ban da wurin. Ƙasar ta ɗan lotsa, tsawon kamu ɗaya da wani abu. Kuma duk sanda Inna za ta wuce, sai ta ratse. Malam, akwai mutum kwance nan. Ƙarami na."

Na nufi gidan gwaggona, ƙanwar mahaifina, na tambaye ta. Ta ce, "Ashe ba ka sani ba?" Yayana ne, ɗan farin Inna. Ko suna ba a kai ga yi masa ba ya koma, aka rufe shi a bayan ɗakinta, yadda ake yi wa jarirai a zamanin da. Ni da nake yawo ina bugun ƙirji ni ne babba! Sai a lokacin na gane abin da ya sa Inna ke kiran sunana gatsal, alhali sa'o'inta ko kallon 'ya'yansu na fari ba su yi a gaban mutane. A wurinmu uwa ba ta ambaton ɗan fari, ba ta nuna ta damu da shi, yana raye ko ya mutu. Inna ta ga katafila na cin ƙasa a bayan gari, ta ga inda guba ta yi yawa ana haƙawa da zurfi, kuma turmin dakan dutsenmu dab da lungun yake. Ta san abin da take tsoro, amma bakinta ba zai iya furta shi ba. Na zauna a zauren gwaggo na yi kuka kamar yaro.

Washegari Inna ta fasa zuwa sunan, da hantsi suka fara. Ban taɓa ganin aiki mai tsari irin wannan ba. Aka fitar da kaya, aka kai yara gidan da aka riga aka gama. Aka yayyafa ruwa don kada ƙura ta tashi. Suka jeru, suka faro daga can ƙurya suna kankarowa zuwa ƙofa, babu mai komawa ya taka inda aka gyara. Ƙasa ta shiga buhu, buhu ya hau baro, baro ya kai wa tifa. Akwai wani ma'aikaci mai na'urar auna guba, yana bin su yana ɗora ta a ƙasa. Inda ya ce ya yi, su wuce, inda ya girgiza kai, su ƙara kankarewa.

Shi kuwa mutumin Gummi ya yi alwala, ya ɗaura ƙyalle a hanci, ya ɗauki ɗan kalme da 'yar tasa ya shiga lungun shi kaɗai. Ya ɗaga fasasshen tulun da hannu biyu ya ajiye gefe. A durƙushe ya yi aikin, daga gefe yake miƙa hannu, bai ɗora gwiwarsa a kan wurin ba ko sau ɗaya. Ya kankare kamar kaurin yatsa, ya kira mai na'ura. Mai na'ura ya girgiza kai. Ya sake kankarewa, aka sake girgiza kai. Ashe shekara da shekaru ruwan wankin dutse can yake gangarawa yana nutsewa. Ina tsaye a bakin lungun, gumi har cikin idona.

Can sai na ji kalmen ya yi wata ƙara daban. Ya tsaya cak. Ya share wurin da tafin hannu, ga bakin itace ya fito, irin wanda ake jerawa a kan kabari. Mai na'ura ya auna, ya dube mu, ya sake girgiza kai. Ya ce da wannan awon ba zai iya cewa gidan ya tsarkaka ba. Ban ga laifinsa ba, gaskiya ya faɗa.

Bangon ɗakin Inna ne kawai tsakaninmu da ita, kuma akwai 'yar taga. Duk abin da ake faɗa tana ji. Sai muryarta ta fito ta tagar.

"Ku haƙa. Wanda ag ga ƙasa ya riga ya huta. Ku tsamo min mai numfashi."

Tunda nake ban taɓa jin ta ambace shi ba sai ranar.

Mutumin Gummi bai ɗauki kalmen ba. Ya ce, "Inna, kin ba da, Allah ya gani. Amma ba mu kai can ba tukuna." Ya juya ga mai na'ura. "Ƙasar da ba ta kwasuwa, irin ta cikin ɗakuna, mi muka yi mata?"

"Siminti muke shafewa."

"In na rufe nan da jar ƙasa na daddaɓe, na zuba siminti mai kauri, na gyara gangaren ruwa ya bi waje, yaro na iya kai hannu gare ta?"

Mai na'ura ya je ya yi magana da na gaba da shi, ya dawo ya ce an yarda.

Da kansa ya zaɓo jar ƙasar daga cikin wadda tifa ta kawo, ya tsince tsakuwa. Da tafin hannu ya fara daddaɓawa, sai da ta yi kauri sannan ya sa madaɓi, a hankali. Ya kwaɓa siminti ya zuba, ya goge shi sumul, ya fitar da 'yar hanyar ruwa ta ƙarƙashin katanga. Bai ɗaga shi ya yi tudu ba, bai yi masa wata alama ba. Duk wanda ya gani zai ce daɓe ne kawai, kuma na san don Inna ya yi hakan, kada kowa ya tambaye ta. Aka sake aunawa, mai na'ura ya gyaɗa kai.

Yana wanke hannu a bakin zaure Inna ta fito, ta ja mayafi ta rufe rabin fuska. Ba ta yi doguwar godiya ba. Ta ce, "Yaro, Allah shi sa a yi ma haka ranar taka." Mutumin nan da ke tuƙa ƙarfen da ya fi ɗakinmu girma, ya sunkuyar da kai ya ce amin. Bayan an gama aikin ƙauyenmu aka ɗora katafilarsa a babbar mota, ban sake ganinsa ba.

Da safe motar asibiti ta zo ɗaukar yaran da gidajensu suka tsarkaka. Matata ta miƙa hannu za ta ɗauki yarinyar, Inna ta ture hannun, ta goya ta da kanta har bakin mota.

Ɗiyata ta rayu. Magana tana yi mata nauyi har yau, karatu ma sai a hankali, amma tana zuwa makaranta da ƙafarta, kuma ita ke ɗebo wa Inna ruwan alwala.