Mangwaro a Gonar Aro

A garinmu idan aka ara wa mutum gona, yana iya shuka gero da dawa da gyaɗa da wake, duk abin da za a girbe a shekara. Itace ne ba ya dasawa. Wanda ya dasa itace a gonar aro ana ɗauka ya fara shirin cewa tasa ce, domin wata rana jikokinsa za su nuna bishiyar su ce kakansu ya dasa. Ba a gaya wa kowa wannan, da shi ake tashi.

Ina ɗan yaro wani baƙo ya zo mana daga arewa, daga hayin iyaka, a shekarar da ruwa ya ƙi a ƙasarsu. Shi da matarsa ne da jariri da jaki ɗaya. Mahaƙin rijiya ne. Baba ya sauke su a ɗakin da ke bayan rumbunanmu, daga baya ya ara masa wani yanki na gonarmu ta bakin fadama. Matar ta zo da ciwo, nononta ya ɗauke. A lokacin Inna tana goyon ƙanena, sai ta haɗa su biyu ta shayar. Haka suka tashi, kwano ɗaya, tabarma ɗaya, ana dukansu tare. Mutanen gari suna ce musu tagwayen Inna.

Sun fara zuwa makarantar allo lokacin da baƙon ya dasa mangwaro a gefen gonar, 'yan ƙanana, ya kewaye su da ƙaya saboda awaki. Ina bayan Baba da butar ruwa ranar da ya gan su. Baƙon ya durƙusa yana bayani, ya ce a garinsu dasa itace sadaka ce, yara za su sha inuwa. Baba bai saurare shi ba. Ya tuge su ɗaya bayan ɗaya, ya jefar a kan kunya, sannan ya ce:

“Nonon da ɗanka ya sha a gidana bai mayar da kai ɗan gida ba.”

Da yamma Baba ya kai ƙara wurin dagaci. Kafin gero ya nuna sun ɗaure kayansu sun tafi, ba wanda ya san inda suka nufa. Geron da baƙon ya bari a tsaye mu muka girbe, mu muka ci. Ƙanena ya daɗe yana zuwa ƙofar ɗakin yana leƙawa. An gaya masa sun tafi ganin gida ne.

Ni na tsaya a firamare na kama noma. Shi ƙanena ya yi karatu, ya dawo yana koyarwa a makarantar garin, aka kuma ba shi jagorancin wasan kwaikwayon da samari suke yi washegarin Sallah a filin makaranta. Wasannin dariya ne a da: marowaci da baƙinsa, boka da ya ruɗe. Wata shekara sai ya ce zai yi wasa a kan baƙi.

Abin ya shiga ransa fiye da yadda na zata. Ranar kasuwar Ɗanbatta sai ya tafi ya zauna wurin masu raƙuma da masu kanwa da suka zo daga arewa, yana tambayarsu ko sun san wani mahaƙin rijiya mai ɗa sa'ansa, yana kuma koyon yadda suke lanƙwasa harshe. Ya sayo rawani irin nasu. Ya shuka ƙwallon mangwaro a gwangwanayen madara, yana ba su ruwa safe da yamma, don ya ce ba zai yi wasan da reshen ƙarya ba. Matarsa ta kawo ƙara wurin Inna cewa ko abinci sai an bi shi da shi. Bai rubuta komai ba, a kansa yake, yana gaya wa samarin abin da kowa zai faɗa.

Wata rana muna ɓarar gyaɗa ya ce mini akwai wurin da wasan ya ƙi tafiya. Ya san an tuge itatuwan, ya ji a bakin tsofaffi, amma bai san abin da mai gonar ya faɗa ba. Duk abin da ya sa a bakinsa sai ya ji ba shi ba ne.

“Yaya, an ce kana wurin.”

Na ce ina wurin. Na yi shekaru da maganar a cikina, ban taɓa gaya wa ko matata ba. Na faɗa masa ita yadda take. Ya ajiye gyaɗar da ke hannunsa. Na ce masa kada ya sa ta a wasa. Ya ce to, amma na ga fuskarsa, kuma ban sake tayar da zancen ba.

Ranar wasan, bayan la'asar, aka jera wa dattawa bencuna, mata suka tsaya daga baya, yara a ƙasa. Baba ya tsufa a lokacin, ni na riƙe masa sanda, na zauna kusa da shi. Da farko an yi dariya, don wanda ya fito a baƙo ya iya harshen sosai, jakin da aka aro kuma ya ƙi tafiya. Baba ma ya yi dariya. Sai ƙanena ya fito a mai gona. Bai sa kayan Baba ba, bai kwaikwayi tafiyarsa ba. Ya sunkuya ya tuge mangwaron nan da ya raina da hannunsa, ya faɗi maganar.

Dattawan da ke bencinmu ba wanda ya waiwayo, kuma rashin waiwayen ne ya nuna sun gane. Daga baya na ji Inna ta ja mayafi ta bar filin. A ƙarshen wasan yaron baƙon ya mutu a hanya saboda ƙishirwa, aka binne shi ba mai yi masa salla sai ubansa. Wannan ƙanena ne ya ƙirƙira, ba wanda ya san abin da ya same su. Baba ya zauna har aka gama. Ya karɓi sandarsa, bai bari na riƙe shi ba.

Muna kusa da gida ya tsaya ya tambaye ni wa ya gaya wa yaron nan wannan magana. Na ce ban sani ba. Ya dube ni, ya ce, “To.”

Bai yi faɗa ba, bai tsine wa kowa ba. Abu ɗaya ya canza. Tun daga ranar ya daina kiran ƙanena da sunan da yake kiransa tun yana goye, ya koma ce masa Malam, kamar yadda iyayen yara suke ce masa. Idan ya zo gaisuwa da safe sai Baba ya amsa da kyau, ya tambayi iyali, ya tambayi makaranta, ya yi masa godiya da zuwa. Ni kuwa yana aikena, yana zagina idan na makara gona, yana raba goro da ni. Ƙanena ya ba shi haƙuri, ya aiko da abokan Baba, har liman ya sa baki. Baba ya ce ai shi ba ya riƙe da kowa. Daga ƙarshe ƙanena ya nemi a mayar da shi wata makaranta wajen Bagwai. Bai sake yin wasa ba.

Sau da yawa na zauna da Baba a zaure da niyyar in faɗa masa gaskiya. Sai ya miƙo mini goro, in karɓa.

Da ciwo ya kwantar da shi a daminar da ta wuce, ƙanena ya zo ya durƙusa a gefen gadon, ya kama hannunsa. Baba ya buɗe ido ya gane shi. Ina jira, Inna ma tana jira.

“Sannu da zuwa, Malam. An sha hanya.”

Bai ƙara yi masa wata magana ba har Allah ya karɓi ransa.

Bayan an watse daga zaman makoki muka rage mu biyu muna naɗe tabarmi. Na gaya masa cewa Baba ya tambaye ni a ranar wasan, na ce ban sani ba. Ya ce ya daɗe da zaton haka. Na ce me ya hana shi faɗa, ai da an raba laifin. Ya ci gaba da naɗe tabarmar, bai ɗago ba.

“Yaya, da ya rasa mu mu biyu. Wa zai riƙe masa sanda?”

Ya jingine tabarmar a bango, ya shiga ciki wurin Inna. Ni na tsaya a zaure, ban iya bin sa ba.